Tsoho da Teku: Me Santiago Ya Dawo da Shi Gida?

Malam Sani, Katsina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A makon jiya na sake karanta ɗan littafin nan na Ernest Hemingway, The Old Man and the Sea, wanda a harshenmu za mu kira Tsoho da Teku, kuma tun da na ajiye shi zuciyata ba ta bar kansa ba. Karatuna na farko ina ɗan shekara 17 ne a sakandare, kuma a lokacin na riƙa tsallake shafukan farko don ɗokin a isa teku a fara faɗa da kifi. Yanzu da na haura shekara 60 na gane cewa shafukan da na tsallake su ne suka fi nauyi.

Ga wanda bai karanta ba, Santiago tsohon masunci ne a wani ƙauyen bakin teku kusa da Habana, a ƙasar Kyuba. Ya yi kwana 84 yana fita su bai kama ko kifi ɗaya ba. A kwana 40 na farko yana tare da wani yaro, Manolin, wanda ya fara shiga jirginsa tun yana ɗan shekara 5, daga nan iyayen yaron suka ce rashin sa'ar tsohon ya kai matuƙa, suka mayar da ɗansu wani jirgin. A rana ta 85 tsohon ya nausa can cikin teku shi kaɗai, wani ƙaton kifi mai dogon baki kamar mashi, wanda ake kira malin, ya haɗiye ƙugiyarsa, ya yi ta jan kwale-kwalen dare da rana. Sai a rana ta uku ya kashe shi, ya ɗaure shi a gefen jirgi saboda ya fi jirgin tsawo, a hanyar dawowa kuma kifayen shak, manyan kifayen teku masu cin nama, suka yagalgala naman, ya iso gida da ƙwarangwal.

Wurin da ya tsayar da ni shi ne cikin bukkar tsohon, kafin a fita. Yaron yakan tambaye shi abin da zai ci, shi kuma ya ce akwai tukunyar shinkafa da kifi. Yaron ya nemi izinin ɗaukar birgi, wato ragar su da ake jefawa, tsohon ya ce ya ɗauka. Alhali babu tukunyar shinkafa, birgin ma an daɗe da sayar da shi, kuma dukansu biyu sun san haka, amma kullum sai sun yi wannan magana. Bayan haka yaron ya fita ya dawo da wake da shinkafa da soyayyiyar ayaba daga wajen mai gidan abinci, har ya ce wa tsohon ba sai ya je godiya ba, shi ya riga ya gode.

Mahaifina tela ne. Da idanunsa suka yi rauni, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, amma bai daina zuwa rumfarsa ba ko rana ɗaya. Wani da ya koyi ɗinki a hannunsa yakan zo da safe da ƙananan ayyuka, ƙafar wando ko bakin riga, ya ce, "Baba, aiki ya yi mini yawa, a taimaka mini," da yamma ya biya kuɗin aikin. Sai bayan rasuwar Baba muka ji daga bakin matar mutumin cewa da dare yake farke ɗinkin ya sake shi. A ganina wannan littafi labarin rufin asiri ne, kuma Manolin ne ginshiƙinsa. Ina son jin ra'ayoyinku.

Aminu, Kano

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa almajirin nasa da alheri. Malam, ina neman afuwa, domin ni karatuna ya saɓa da naku. Na yarda cewa yaron ya burge ni, amma tsohon ya ba ni haushi a wurare da dama, kuma ina ganin mukan bar tausayi ya rufe mana ido daga kurakuransa. Mutumin da ya shafe rayuwarsa a teku ya tafi nesa irin wannan da kwalbar ruwa ɗaya tak, ba gishiri, ba lemon tsami, ba dutsen wasa wuƙa, kuma shi da bakinsa ya riƙa lissafa waɗannan abubuwa a tsakiyar teku yana cewa da ma ya zo da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma san sarai cewa duk kifin da ya fi ƙarfin a saka shi cikin jirgi, dole a jawo shi cikin ruwa yana zubar da jini, kuma shak ba ya ƙyale ƙanshin jini.

Shi da kansa ya ƙiyasta kifin ya haura laba 1,500, wato wajen kilo 680, ya kuma yi tunanin in an gyara shi aka samu kashi biyu cikin uku, aka sayar kan santi 30 kowace laba. Wannan dala 300 ke nan ga mutumin da ba shi da abincin dare. Bai samu ko santi ɗaya ba, ya rasa zagonsa, wato mashin da yake sukar kifi da shi, wuƙarsa ta karye, hannayensa sun yayyage. Da ya tambayi kansa abin da ya kayar da shi, amsar da ya bayar ita ce ya yi nisa da yawa. To tun da shi ya amsa laifinsa, me ya sa mu masu karatu muke ƙin amsa masa? Asara sunanta asara.

Alhaji Garba, Yawuri

Aminu ɗana, ka yi magana da hujja, amma bari in ba ka amsar wanda ya taso a kwale-kwale. Mu Sarkawa ne, kakana da mahaifina a kogin Kwara suka tsufa, ni ma sai da na yi shekaru ina su kafin in koma kasuwanci. Ban taɓa ganin teku ba sai a hanyar Legas, kuma babban giwan ruwan da na taɓa gani mutum biyu ne suka ɗauke shi, don haka ba na kwatanta kogi da teku. Duk da haka, da ɗana ya karanta mini littafin nan yana fassara mini, na ce masa wanda ya rubuta shi ya riƙe igiya da hannunsa.

Ka duba yadda tsohon yake saka koto. Ɗaya a zurfin gaba 40, ɗaya a gaba 75, sauran biyun a gaba 100 da gaba 125, kowace igiya a miƙe sambal, alhali sauran masunta suna barin nasu ruwa ya kwashe, su zaci suna gaba 100 suna kuwa gaba 60. Mutum ne da ya yi kwana 84 ba kamu, amma bai sassauta aikinsa ba ko da ɗan yatsa. Ya ce sa'a ta fi, amma shi ya zaɓi ya daidaita aikinsa, don in sa'ar ta zo ta same shi a shirye. Wannan ba halin mai sakaci ba ne. Gishiri da lemon tsami da ka ambata, ai ya fita ne da niyyar yini ɗaya, kamar kullum.

Sannan maganar nisa. Ruwan kusa ya gwada shi kwana 84, me ya ba shi? Da ya sake tsayawa inda kowa yake tsayawa, da an ƙirga kwana 85. Kuma ba shi ya kai kansa can inda fitilun Habana suka ɓace ba, kifin ne ya ja shi. Daga lokacin da kifi ya haɗiye ƙugiya, abu biyu ne gaban masunci, ko ya yanke igiya ko ya bi. Ba zai iya ɗaure igiyar a jikin jirgi ba, domin fizga ɗaya kifin zai yi ta tsinke, shi ya sa ya ɗora ta a gadon bayansa bisa buhu, jikinsa ya zama shi ne mai saki da ja. Duk wanda igiya ta taɓa gudu cikin tafin hannunsa ya san zafin da ake nufi, kuma ya san abin da ake ji in hannun hagu ya ƙage a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Abin da ya sa ni hawaye kuwa shi ne yadda yake kiran kifin ɗan'uwansa yana kuma shirin kashe shi. Mutanen tudu sukan ɗauki wannan a matsayin ƙawata labari. Ni na ga mahaifina yana yi wa babban kifi magana a hankali kafin ya soke shi, kuma bai yarda yara su yi wasa da gawarsa ba.

Hajiya Binta, Kaduna

Sannunku da ƙoƙari. Ni ina so in tsaya wa mutanen da ba a ba su baki a littafin ba, wato iyayen Manolin. Duk mai karatu yana fita da jin haushinsu, amma ni uwa ce, kuma na tambayi kaina abin da zan yi da ɗana ne yake fita kwana 40 yana dawowa hannu rabbana a gidan da ake jiran abin da ya kamo. Jirgin da suka mayar da shi ya kama manyan kifaye uku a makon farko. Ba su hana shi zuwa gidan tsohon ba, ba su hana shi taya shi ɗaukar kaya ba. Talauci ne ya yanke hukuncin, ba mugunta ba, kuma tsohon da kansa bai zarge su ba, ya ce wa yaron ya zauna a jirgin da ke da sa'a.

Amma, Malam Sani, akwai abin da nake so in ƙara a kan maganarku. Rufin asirin nan ba ta gefe ɗaya yake ba. Tsohon ma yana rufa wa yaron asiri, domin da ya fito fili ya ce yunwa yake ji, da ya ɗora wa ƙaramin yaro nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma sa shi tsakanin iyayensa da malaminsa. Ƙaryar tukunyar shinkafa tana barin yaron ya kawo abinci a matsayin kyauta, ba a matsayin dole ba. Akwai kuma hoton matarsa da ya sauke daga bango ya ajiye ƙarƙashin rigarsa mai tsabta saboda ganinsa yana ƙara masa kaɗaici. Jimla ɗaya marubucin ya yi a kai ya wuce, amma ni na daɗe a wurin. Kuma ku lura sau nawa tsohon ya ce a teku da ma yaron yana nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Aminu, Kano

Baba Alhaji, na karɓi gyara a kan maganar sakaci, domin ban lura da zancen zurfin igiyoyin ba. Amma ku da kanku kun ce yana iya yanke igiya. Ya ga kifin ya yi tsalle, ya ga ya fi jirginsa tsawo da ƙafa biyu, ya san shi kaɗai ne. Me ya hana shi yankewa a nan in ba girman kai ba? Ai shi ma ya faɗa wa kansa cewa ba don abinci kaɗai ya kashe kifin ba, har da alfahari.

Dakta Isiyaku, Zariya

Ina ganin tarihin yadda aka rubuta littafin zai taimaka wa tambayar Aminu. Hemingway ya zauna a Kyuba shekaru kusan 20 a gidansa na Finca Vigia a wajen Habana, kuma a ƙauyen Cojimar yake ajiye jirginsa na su mai suna Pilar. Tun a 1936 ya ba da labari a mujallar Esquire game da wani tsohon masunci da ƙaton malin ya ja zuwa cikin teku, shak suka cinye yawancin naman, wasu masunta suka tsince shi bayan kwana biyu yana kuka cikin jirginsa kamar wanda ya zautu. Wannan shi ne irin da aka shuka. Amma da ya zo rubuta littafin a 1951 sai ya sauya abu biyu: Santiago ba wanda ya tsinto shi, shi ya kawo kansa gida, kuma ba shi ne ya yi kuka ba, yaron ne ya yi, tun daga lokacin da ya ga hannayen tsohon har ya isa wurin sayen kofi. Wannan sauyi ya nuna mini cewa marubucin da gangan ya ɗauke hawayen daga tsohon ya ba wa Manolin, kuma hakan yana ƙarfafa karatun Malam Sani.

Shi kansa Hemingway yana cikin nasa kwana 84 a lokacin. Littafinsa na 1950 ya sha suka ƙwarai, har ana cewa alƙalaminsa ya bushe. Da mujallar Life ta buga wannan labari gaba ɗayansa a fitowarta ta 1 ga Satumba 1952, an sayar da fiye da kwafi miliyan 5 cikin kwana biyu, ya samu kyautar Pulitzer ta Amurka a 1953, sannan kyautar Nobel ta adabi a 1954, inda aka ambaci littafin da sunansa. Saboda haka wasu manazarta suka ce shak ɗin nan masu sukarsa ne. Shi kuwa ya rubuta wa Bernard Berenson, wani masanin tarihin zane-zane, wasiƙa yana cewa babu wata alama a littafin, teku teku ne, tsoho tsoho ne, shak kuma shak ne. Ban ɗauki wannan musu gaba ɗaya ba, domin shi ne ya kwatanta rubutu da dutsen ƙanƙara mai yawo a teku, wanda kashi ɗaya cikin takwas ne kawai ke bayyana a saman ruwa. Amma ina ɗaukarsa gargaɗi, kada mu yi saurin mayar da kifi alama har mu manta cewa kifi ne mai nama da za a sayar a kasuwa.

Game da girman kai, Aminu, littafin bai ɓoye shi ba, amma tun a farko ya gaya mana cewa tsohon ya kai ga tawali'u kuma ya san hakan bai rage masa mutunci ba. Wanda ya karɓi abincin sadaka daga hannun yaro da daddare shi ne ya ƙi sakin kifi da safe. Abin da na kasa shi ne raba waɗannan biyun, kuma ina zaton marubucin bai so a raba su ba.

Malama Maryam, Abuja

Dakta, na gode da wannan bayani. Ni akwai abin da ya tsaya mini a rai a matsayina na mai karatu daga Afirka. Tsohon ya daina mafarkin guguwa da faɗa da manyan kifaye, har matarsa ya daina mafarki, sai zakunan da ya gani a gaɓar Afirka lokacin da yake yaro a jirgin ruwa, suna wasa da almuru kamar 'yan kyanwa. Hoton yana da kyau, kuma da shi aka rufe littafin. Amma Afirkar da ke ciki ba a nuna fuskar mutum ko ɗaya ba, in ban da jiragen mutanen ƙasar da aka ambata a wuce, rairayi da zakuna ne suka mamaye ta. Baƙar fatar da aka ba wa wuri a labarin kuwa shi ne wani ƙaƙƙarfan mutum daga garin Cienfuegos na Kyuba da suka yi gwajin ƙarfin hannu da Santiago daga safiyar Lahadi zuwa safiyar Litinin, har jini yana fita daga ƙarƙashin faratansu, kuma ba a ba shi ko suna ba, an kawo shi ne don a kayar da shi. Ga shi marubucin da kansa ya je Gabashin Afirka a 1933 ya harbi zakuna. Wannan bai hana ni son littafin ba, amma ba zan iya karanta shi kamar ban gani ba.

Dakta Isiyaku, Zariya

Malama, maganarki gaskiya ce, kuma ba zan kare marubucin a kan rashin sunan mutumin Cienfuegos ba. Abin da zan ce kawai game da zakunan shi ne ta idon yaro matuƙin jirgi aka gan su, wanda daga cikin ruwa yake hango gaɓa, kuma littafin ya ce yana son su kamar yadda yake son Manolin. Suna cikin manyan dabbobi ƙalilan a labarin da ba ya bukatar kashewa kuma ba sa neman cinye abinsa.

Malam Yohanna, Jos

Salama a gare ku duka. Ina so in ƙara abin da mai karatu Kirista yake gani nan take. Sunan Santiago shi ne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, wanda shi ma masunci ne, kuma tsohon ya tuna da Bitrus a lokacin da yake tambayar kansa ko kashe kifin zunubi ne. Da ya hango shak biyu sun taso, ya yi wata ƙara da marubucin ya kwatanta da ta mutumin da ƙusa ta ratsa hannunsa ta shiga katako. Da ya iso gaɓa cikin dare, ya saɓa dogon itacen da ake ɗaura ƙyallen jirgi a kafaɗa ya hau tudu, ya faɗi, sai da ya zauna sau biyar kafin ya kai bukka, sannan ya kwanta rubda ciki hannayensa a miƙe, tafukansa suna sama. Ba wanda ya saba da labarin gicciye da zai wuce wannan bai gane ba.

Duk da haka tsohon ya ce shi ba mai yawan ibada ba ne. Addu'arsa ma kamar ciniki take, ya yi alkawarin karanta addu'o'i goma-goma da ziyarar wurin ibada na Budurwa Maryamu da ke Cobre, a Kyuba, in ya kama kifin, da wuya ta ƙara tsanani ya ƙara zuwa ɗari, ya ce a ɗauka ya karanta, zai biya daga baya. Na ga gaskiyar ɗan'adam a nan, domin da yawa cikinmu haka muke yi in an matsa. An ba shi abin da ya roƙa, wato ya kama kifin. Bai roƙi ya kai shi gida ba. Shi kuma Hemingway wannan wurin ibada na Cobre ya miƙa wa lambar zinariyar Nobel ɗinsa.

Aminu, Kano

Malam Yohanna, wannan magana ta ƙarshe ta shige ni. A namu fahimtar sai mu ce naman ba rabonsa ba ne, rabon shak ne, kuma abin da ba rabonka ba ko yana ɗaure a jikin jirginka ba za ka ci ba. Amma a nan ne nake ƙara samun matsala da shahararriyar maganar nan tasa, cewa ana iya hallaka mutum amma ba a iya cin galabarsa. Da ya farka ya ga yaron, abin da ya fara faɗa masa shi ne an ci galabarsa, kuma ya maimaita. To wanne za mu riƙe, maganar tsakiyar teku ko maganar kan gado?

Alhaji Garba, Yawuri

Ka riƙe duka biyun, ɗana. Ta tsakiyar teku ya faɗe ta ne don ya iya ɗaga hannu ya sake duka, domin bayan zago ya tafi ya ɗaura wuƙa a filafili, wuƙa ta karye ya ɗauki kulki, kulki ya suɓuce ya cire sandar juya jirgi, alhali tun tuni ya san naman ba zai kai gida ba. Ta kan gado kuwa ya faɗe ta ne ga mutum ɗaya da ba ya jin kunyarsa. Kuma ka duba abin da ya biyo baya a bakinsa: a ba wa Pedrico, mutumin da ke kula masa da jirgi bayan ya dawo, kan kifin ya yi koton tarko, yaron ya ɗauki bakin, a samo ƙarfe mai kyau a wasa shi ya zama mashi. Abin da ke damuna ni shi ne ƙirjinsa, domin ya ce da dare ya tofar da wani abu da bai saba gani ba, ya ji kamar wani abu ya fashe a ciki. Na ga tsofaffi sun dawo daga ruwa da irin wannan magana, kuma ba dukansu suka sake fita ba.

Malam Sani, Katsina

Na gode muku ƙwarai, kun buɗe mini ƙofofin da ban gani ba, musamman Hajiya, domin ban taɓa tunanin cewa tsohon ma yana rufa wa yaron asiri ba. Tun da na karanta maganarku nake tambayar kaina ko Baba ya san ana farke ɗinkinsa. Tela ne na shekara 40, kuma yakan ga rigunan a jikin masu su a masallaci, ko da idon ya yi rauni hannu yana gane ɗinkinsa in ya shafa. Yanzu na fi karkata ga cewa ya sani, ya yi shiru don kada ya kunyata mai kyautata masa.

Aminu, ban ce ka bar ra'ayinka ba, domin a lissafin kasuwa ba abin da tsohon ya kawo. Amma ka tuna da safiyar nan. Masuntan da wasunsu suke yi masa dariya kwana huɗu da suka wuce sun taru a bakin jirginsa, ɗaya ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa ya auna ƙwarangwal ɗin, ya ce ƙafa 18 daga baki zuwa wutsiya. Wata baƙuwa mai yawon buɗe ido ta ga ƙashin a cikin shara ta zaci na shak ne, domin ba ta fahimci bayanin mai kawo abinci ba, amma mutanen sana'ar sun san abin da suke kallo. Kuma a ranar ne yaron, wanda a shafin farko ya ce shi yaro ne dole ya bi umarnin mahaifinsa, ya ce za su koma su tare, sa'a kuma shi zai zo da ita, domin akwai sauran abin da zai koya. A wannan hira ta ƙarshe ba a ambaci tukunyar shinkafa ba, ba a ambaci birgi ba. Tsohon ya faɗi gaskiyar ciwonsa, yaron ya tambaye shi yawan wahalar da ya sha, ya ce da yawa.

Jiya bayan sallar La'asar na je rumfar almajirin Baba, wanda shi ma yanzu furfura ta cika masa kai. Keken ɗinkin Baba yana nan a kusurwa, an shafa masa mai an lulluɓe shi da zane. Na so in yi masa maganar farke ɗinkin, sai na ga bai dace ba, muka gaisa, na ba shi yadi ya auna ni.